Lita ɗaya ga kowa: shugabancin rabo, tsakanin man fetur da sauyin yanayi

A watan Yulin 2014 Amurka ba ta sayi ko ganga ɗaya ta ɗanyen man Najeriya ba. Shekara bakwai kafin nan ita ce babbar mai saye, tana ɗibar fiye da ganga miliyan ɗaya a kullum. Rijiyoyin Neja Delta ba su ƙafe ba, ba kuma faɗa aka yi ba. Amurkawa ne suka laƙanci dabarar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa a Texas da North Dakota, suka samo mai marar nauyi irin wanda suke saye a Bonny, sai suka daina zuwa. Daga baya sun dawo suna saye jefi-jefi, amma kasuwar ba ta koma yadda take ba. Man da ya cika duniya ya karya farashi: gangar da ake sayarwa sama da dala 110 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016. A shekarar tattalin arzikin Najeriya ya shiga mawuyacin hali, gwamnoni da dama suka kasa biyan albashi sai da aka ba su bashin ceto daga Abuja.

Duk wanda ke son fahimtar abin da ake nufi da ƙarewar mai, daga nan ya kamata ya fara. Mutane sukan ɗauka wata rana za a zura bututu a ji wayam. Ba haka abin zai zo ba. Najeriya na da tabbataccen mai kimanin ganga biliyan 37 a ƙasa, wanda a yadda ake haƙowa yanzu zai kai shekara sittin da ɗoriya. Abin da ke ƙarewa shi ne mai mai sauƙin haƙowa, da mai saye mai ɗokin saye, da kuma rabon da zai ishi jama'a.

A ɗauki na farko. A 2005 ana haƙo kusan ganga miliyan biyu da rabi a rana. A watan Satumban 2022 abin ya faɗo ƙasa da miliyan ɗaya, saboda sata da fasa bututu da tsufan kayan aiki da ƙarancin sabon jari. An ɗan farfaɗo zuwa wajen miliyan ɗaya da rabi, amma manyan kamfanonin da suka yi shekara hamsin suna haƙa a tudu da cikin fadamun Delta da bakin teku sun tattara komatsansu. Eni ya sayar wa Oando, ExxonMobil ya sayar wa Seplat, Shell kuma, wanda shi ya fara samun mai a Oloibiri a 1956, ya miƙa nasa ga Renaissance a 2025. Sun koma can cikin teku inda ɓarawo ba ya kaiwa, sun bar wa 'yan gida tsofaffin rijiyoyi da ruɓaɓɓun bututu da gurɓataccen ruwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsabtace ƙasar Ogoni kaɗai zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Na biyu, mai saye. Hukumar makamashi ta duniya na hasashen buƙatar mai za ta kai ƙololuwa kafin ko wajen 2030, OPEC kuma ta ce sam, da sauran tafiya. Ba sai an tsaya raba musu gardama ba. A 2024 kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a China masu amfani da lantarki ne ko masu haɗa lantarki da fetur. Ranar da kasuwa ta fara tsukewa, wanda zai rage a cikinta shi ne mai haƙowa da araha, wato Saudiyya da maƙwabtanta. Haƙo ganga a Najeriya ya ninka nasu tsada, domin a cikin kuɗin akwai na tsaro, da na sulhu da matasan gari, da na gyaran bututun da aka fasa jiya.

Na uku shi ne wanda ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi ba da tsoro. A 1979 Najeriya na haƙo kimanin ganga miliyan 2.3 a rana, jama'arta kuma ba su wuce miliyan 70 da wani abu ba. Ganga ɗaya ga mutum talatin ke nan. Yau ana haƙo miliyan ɗaya da rabi, jama'a sun haura miliyan 220, ganga ɗaya ga mutum kusan 150. Ganga lita 159 ce. In aka raba daidai wa daida, kowane ɗan Najeriya zai tashi da ɗanyen mai lita ɗaya a rana, kafin kamfani ya cire kuɗin aikinsa da ribarsa, kafin a biya bashi. Wannan lita ɗaya ita ce "arzikin ƙasa" da ake ta zage-zage a kai tsakanin kudu da arewa. A Saudiyya ganga ɗaya ta mutum huɗu ce. Najeriya ba ƙasa mai arzikin mai ba ce, ƙasa ce matalauciya da ke da mai. Har yau ban ji ɗan takarar da ya hau mumbari ya faɗa wa jama'a haka ba, domin duk siyasar an gina ta ne a kan cewa kuɗin na nan jibge, wasu ne kawai suka hana.

Yaya aka yi aka kai nan? Kuɗin mai na farko masu yawa sun shigo ne bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973, lokacin da farashi ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Abin lura shi ne a daidai waɗannan shekaru, 1972 zuwa 1974, arewa na fama da farin da ya kashe dabbobi ya kori mutane daga ƙauyukansu. Sammacin matsalolin biyu, ta mai da ta yanayi, a rana ɗaya ya iso. Abin da aka yi da kuɗin sananne ne: ƙarin albashin ma'aikata na kwamitin Udoji, da odar siminti ta 1975 da ta jera ɗaruruwan jirage a gaɓar Legas suna jiran saukewa ana biyansu kuɗin jira, har simintin wasu ya daskare a ciki. Maganar da aka daɗe ana jingina wa Janar Gowon, cewa matsalar Najeriya ba kuɗi ba ce, yadda za a kashe su ne, ta zamanin ce. Kafin nan ƙasar na kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Fari ya doke ta, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa, darajar naira da mai ya kumbura kuma ta sa shigo da abinci ya fi noma shi sauƙi. Dalar gyaɗa ta Kano ta tafi, babu wanda ya ga dalilin tayar da ita tunda asusu cike yake.

Amma ɓarnar da ta fi wannan zurfi ita ce abin da mai ya yi wa dangantakar mai mulki da talaka. A zamanin haraji da jangali, duk da zaluncin da ke cikinsu, hukuma ta san in damina ta lalace ko shanu suka mutu, asusunta ne zai rame. Dole ta damu da rumbu, da burtali, da allurar shanu, da gandun daji. Da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna bayan hawansu mulki a 1979, talaka ya yi murna kuma yana da gaskiya. Sai dai ba a maye gurbinsu da wani abin da zai ɗaure aljihun gwamnati da gonar manomi ba. Tun daga lokacin, gwamna na iya wayar gari rabin jiharsa ta zama rairayi, kason da zai karɓa daga asusun tarayya a ƙarshen wata bai ragu da kwabo ba. Kwamishinan kuɗi ya tafi Abuja, a zauna, a raba, ya dawo. Wannan zama na wata-wata shi ne ainihin agogon mulkin Najeriya, kuma matsalar mai da ta yanayi duka masu tafiyar shekara ashirin zuwa hamsin ne. Wanda idonsa ke kan kwana talatin ba zai gan su ba.

An taɓa gwada tanadi. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta buɗe asusun rarar mai: a tsara kasafi a kan wani farashi, abin da ya haura a ajiye. Daga ciki aka biya dala biliyan 12 ga ƙasashen da ke bin Najeriya bashi, su kuma suka yafe biliyan 18. A 2008 asusun ya kai wajen dala biliyan 20. Sai gwamnoni suka tayar da ƙayar baya, suka garzaya Kotun Ƙoli da hujjar cewa sashe na 162 na tsarin mulki ya ce duk kuɗin shiga a zuba su a asusun tarayya a raba. A bisa doka suna da abin kamawa. A bisa hankali kuwa, gwamnoni 36 na jam'iyyu daban-daban, waɗanda ba sa haɗuwa a kan komai, sun haɗu a kan kada a ajiye. Daga 2011 zuwa tsakiyar 2014 ganga na sama da dala 100, lokacin da ya kamata asusun ya tumbatsa, amma aka yi ta yagarsa. A tsakiyar 2022 abin da ya rage bai kai dala miliyan ɗaya ba. Asusun zuba jari na ƙasa da aka kafa a 2011 da dala biliyan ɗaya ya fara, shi ma sai da aka kai ruwa rana. Norway, wadda ta kafa nata a 1990 ta fara zuba kuɗi a 1996, tana da fiye da dala tiriliyan ɗaya da rabi. Gaskiya ne su ba su kai mutum miliyan shida ba, kwatancen ba daidai yake ba. Amma tsakanin tiriliyan da babu akwai wurin tsayawa da yawa.

Maganar matatu da tallafi kowa ya haddace ta. Matatun gwamnati huɗu, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, masu ƙarfin tace ganga 445,000 a rana a takarda, sun shekara da shekaru suna cin kuɗin gyara ba sa ba da mai. An amince da dala biliyan 1.5 don ta Fatakwal a 2021, aka yi bikin buɗewa a Nuwamban 2024, aka sake rufewa a Mayun 2025. A 2022, shekarar da yaƙin Ukraine ya tura ganga sama da dala 100, sauran ƙasashe masu mai suna ƙirga riba, Najeriya ta ƙone fiye da naira tiriliyan huɗu a tallafi, kamfanin NNPC ya yi watanni bai zuba komai a asusun tarayya ba. A Agustan 2023 aka ƙulla yarjejeniyar karɓar bashin kimanin dala biliyan 3 daga bankin Afreximbank da alkawarin biya da ɗanyen man da ba a haƙo ba tukuna, kamar manomin da ya karɓi kuɗin geron baɗi tun bai yi shuka ba.

To sai ɗaya ɓangaren, na sama da ƙasa. A nan ma akwai fahimtar da ke buƙatar gyara. Sauyin yanayi a yankinmu ba fari kawai ba ne. Ruwan sama ya dawo bayan munanan shekarun 1970 da 1980, amma ya dawo da wani hali: ya makara, ya ɗauke ana tsakiyar buƙata, sannan ya sauko na wata guda a dare ɗaya. Masu bincike da suka bi hotunan tauraron ɗan'adam sun gano cewa manyan guguwowin ruwa a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ga kuma zafi da ke ƙaruwa yana tsotse damshin ƙasa. Manomin Gumel ko na Illela bai buƙatar a karanta masa rahoto. Ya yi binne, ruwa ya zo ya tsiro, aka yi kwana ashirin babu ɗigo, ya sake sayen iri.

Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980. Ya ɗan farfaɗo tun daga nan, yana cika yana janyewa. Abin da ya shafi shugabanci shi ne aikin da aka yi a gaɓarsa. Da kuɗin mai aka gina katafaren aikin noman rani na kudancin tafkin, a yankin Marte, don shayar da dubban kadada na alkama da shinkafa, da manyan injinan tura ruwa da magudanai masu tsawon kilomitoci. An tsara shi ne a kan ma'aunin ruwan shekarun yalwa, alhali tafkin ya riga ya fara ja da baya a idon kowa. Da aka gama, ruwan ya yi nisa da bakin magudanar. Injina suka tsaya, magudanai suka bushe. Matasan da aka yi wa alkawarin gonaki suka girma babu sana'a a yankin da daga baya Boko Haram ta samu wurin zama. Ba na cewa ƙafewar tafki ce ta haifi ta'addanci, wannan sauƙaƙa magana ne da shugabanni ke so, domin yana ɗauke laifi daga kansu ya ɗora wa sama. Amma talaucin da aka bari ya yi wa masu ɗaukar mayaƙa aiki.

Haka labarin yake a Hadeja da Nguru, da ɗan bambanci. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun canza tafiyar kogin Hadeja. A da ruwa kan malala da damina ya janye da rani, a yi shinkafa, a kama kifi, a shuka a damshin da ya bari, shanu su ci ragowa. Da aka mayar da ruwan mai gudana duk shekara ba tare da kula da yadda ake sakinsa ba, kachalla ta samu abin da take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonaki, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Wani gari ruwa ya yi masa yawa, na gaba da shi ko ɗigo. Wannan ba aikin hayaƙin Turawa ba ne. Hukumomin kogunan da ke ƙarƙashin tarayya da jihohin Kano da Jigawa da Yobe da Bauchi ne suka kasa zama su daidaita buɗe ƙofa da rufe ta.

Ambaliya ita ce inda abin ya fi fitowa fili. Kamaru ta kammala dam ɗin Lagdo a kan kogin Binuwai a 1982. Tun lokacin ake maganar Najeriya za ta gina nata a Dasin Hausa, a ƙaramar hukumar Fufore ta Adamawa, don tare ruwan da za a riƙa saki. Shekara arba'in da ɗoriya, babu shi. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. A 2022 ta kashe fiye da 600, ta raba kusan miliyan ɗaya da rabi, ta datse hanyar Lokoja har Abuja ta shiga layin mai. Duk lokacin sai a nuna Kamaru da yatsa, duk da cewa yawancin ruwan daga kogunan cikin gida yake. Hukumar hasashen yanayi da ta kula da koguna suna fitar da gargaɗi tun farkon shekara, da sunayen jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Ilimin yana nan. Mai aiki da shi ne babu.

Dam ɗin Alau da ke kusa da Maiduguri an gama shi a 1986, ya taɓa yi wa garin ambaliya a 1994. Mazauna kusa da shi sun daɗe suna kukan ya tsufa yana zaizayewa. 'Yan kwanaki kafin ya ɓalle, jami'an gwamnati sun je sun duba suka ce a kwantar da hankali. A daren 9 ga Satumba wayewar 10 ga wata, 2024, ruwa ya shigo wa mutane suna barci. Gwange, Fori, Kasuwar Monday, fadar Shehu, asibitin koyarwa, duk ya shiga. Katangar gidan yari ta faɗi fursunoni kusan 280 suka fice, namun gidan zoo suka mutu, wasu suka bi ruwa cikin unguwanni. Mutanen da Boko Haram ta koro daga ƙauyuka suka fara tsayawa da ƙafarsu a birni suka koma sansani. Daga nan sai jiragen manya suka fara sauka, kowa da chakin gudummawarsa da masu ɗaukar hoto. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina dam ɗin. Kaso kaɗan na wannan kuɗi da ya isa gyara kafin ya fashe. A watan Mayun shekarar kuma ruwa ya share unguwanni a Mokwa ya kashe fiye da mutum 150.

Ba wauta ce ke sa haka ba, lissafi ne. Gyaran da ya hana bala'i ba ya da ranar buɗewa, ba a yanka masa ƙyalle, babu wanda zai gode maka don ambaliyar da ba ta zo ba. Rabon buhunan shinkafa da katifu kuwa yana da hoto, yana da kwangilar gaggawa wadda ba a tsaya tantancewa ba, yana da jerin sunayen da shugaban jam'iyya na mazaɓa zai rubuta. Ga kuma asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981, wanda ake cire wa kaso daga kuɗin tarayya don zaizayar ƙasa da ambaliya da hamada. A 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye shekara 14 kan karkatar da fiye da naira biliyan ɗaya na wannan asusu. An rage masa zuwa 10, sannan a 2022 aka yi masa afuwa. Saƙon ya isa ga duk mai riƙe da irin wannan kuɗi.

Inda matsalolin biyu suka haɗu shi ne a murhu da bakin fadama. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Cirewar ta zama dole, kuma duk manyan 'yan takara sun yi alkawarinta. Amma an cire ne babu abin da aka tanada a madadi. Litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mai noman rani a Kadawa ko Bakolori wanda injin ban-ruwansa ke shan fetur ya rage fili, ko ya kai wa makanike ya juya masa injin ya koma aiki da tukunyar gas, mai hali kuma ya sayi na sola. Uwargidan da aka yi shekaru ana lallashi ta koma girki da gas ta ga kilo ya fi ƙarfinta, ta ajiye tukunya a lungu ta koma gawayi. Kananzir tuni ya zama na masu kuɗi. Duk wanda ke bin hanyoyin Bauchi ko Neja ko Nasarawa zai ga buhunan gawayi jere a bakin titi, da manyan motoci shaƙe da su, wasu ma tashar jiragen ruwa suka nufa. A ƙasar da ke da iskar gas fiye da kowace a Afirka ake wannan. Kuma a ƙasar da har yau take cikin goman farko a duniya wajen ƙone gas a banza a bakin rijiya, duk da dokar 1979 da ta sa 1 ga Janairun 1984 a matsayin ranar dainawa. An ɗaga wa'adin sau da dama, yanzu ana cewa 2030.

A takarda kuwa babu wanda ya fi mu. A Glasgow a 2021 Shugaba Buhari ya yi alkawarin Najeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. A 2022 aka ƙaddamar da shirin sauya makamashi mai neman dala biliyan 10 duk shekara. A taron Dubai na 2023 sunayen 'yan Najeriya 1,411 ne a rajista, gwamnati ta ce 422 kawai ta ɗauki nauyi, kamar wannan ɗin kaɗan ne. A 2016 an rattaba hannu da kamfanoni 14 don tashoshin hasken rana na fiye da megawat 1,000, yawancinsu a arewa. Ko ɗaya bai tashi ba, an tsaya jayayya kan farashi da garanti. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10 kacal, ta haura shekara goma ana gini. Sola ɗin da ake gani yau a kan shaguna da masallatai da rijiyoyin burtsatse, jama'a ne suka saya da kuɗinsu bayan sun gaji da jiran wuta.

Dokar man fetur ta 2021 ta nuna inda zuciyar masu mulki take. Ta ware kashi 30 cikin ɗari na ribar da NNPC ke samu daga wasu kwangilolin haƙa don neman sabon mai a wuraren da ba a taɓa samu ba, ta ba al'ummomin da ake haƙa a ƙasarsu kashi 3 na kuɗin gudanarwar kamfanoni. A Nuwamban 2022 aka yi gagarumin biki a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, aka ce akwai ganga biliyan ɗaya. Mu 'yan arewa muka yi ta murna, domin an daɗe ana mana gorin ba ma kawo komai. Na fahimci zafin gorin. Amma ko da adadin ya tabbata, ganga biliyan ɗaya ba ta kai abin da ƙasar ke haƙowa a shekara biyu ba, kuma wurin na da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga teku. Yankin da ya fi ko'ina hasken rana da filin noma ya zuba burinsa a kan shiga kasuwar da masu ita ke shirin tashi.

Akwai hujjar da shugabanninmu ke kawowa, kuma gaskiya ce. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya. Ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara tun taron Copenhagen na 2009, ba su cika ba sai bayan wa'adi, kuma mafi yawa bashi ne. Turai da ke hana bankuna ba da rancen ayyukan gas a Afirka ita ce ta zo neman gas ɗin bayan Rasha ta rufe mata famfo. Duk haka ne, kuma babu dalilin da zai sa Najeriya ta bar gas ɗinta a ƙasa alhali mutanenta na cikin duhu. Sai dai wannan hujja ba ta bayyana dalilin da ya sa bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, da aka ƙaddamar a 2020, ya yi ta tsallake wa'adi ba. Ba ta kuma yashe magudanar ruwa ko ɗaya.

Maƙwabta ma ba su tsira ba. Chadi ta fara fitar da mai ta bututun Doba zuwa Kribi a 2003, da sharaɗin Bankin Duniya cewa a ajiye kashi 10 don 'yan baya. A ƙarshen 2005 Shugaba Idriss Déby ya sa majalisa ta soke asusun, ya ce makamai yake buƙata yanzu, a 2008 bankin ya janye. Nijar ta shiga sahun masu fitarwa a 2024 da bututun Agadem zuwa gaɓar Benin mai tsawon kusan kilomita 2,000, kuma tun kafin jirgin farko ya tashi ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin China a kan man da za a sayar.

Amma a Nijar ɗin ne kuma aka yi abin da ya fi duk wani shirin yaƙi da hamada a yankin nan tasiri, kuma kusan babu kuɗin gwamnati a ciki. Daga tsakiyar shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram suka fara barin kututturan da ke tohowa a gonakinsu maimakon sassabe su. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga awaki. Gawo ya fi yawa, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya ba dabbobi abinci da rani. An ƙiyasta fili kadada miliyan biyar da itatuwa kusan miliyan 200. Abin da ya buɗe hanya shi ne malaman daji sun sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba za a ci shi tara don ya sare reshe ba, daga baya doka ta bi sahu. A ɓangarenmu, shirin babbar katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya shafi jihohi 11 daga Kebbi zuwa Borno, yana da hukuma tun 2015, yana da kasafi da motoci. Rahoton 2020 ya nuna nahiyar gaba ɗaya ta cimma kusan kashi 4 cikin ɗari na abin da aka sa gaba. Dashen da muka saba gani shi ne na bikin shekara-shekara: gwamna ya tsuguna ya dasa ɗaya, a zuba ruwa da sabuwar buta, a ba ɗan kwangila sauran, kafin watan Maris awaki sun gama da su. A Yusufari da ke Yobe tuddan rairayi na ci gaba da rufe dabino da rijiyoyi.

Tun da aka cire tallafi aka kuma saki naira, kason da jihohi ke karɓa a wata ya ƙaru sosai, abin da ake rabawa ya haura naira tiriliyan ɗaya. Filaye da dazuzzuka da tsarin gine-gine da magudanan ruwa da malaman gona duk a hannun gwamnoni suke, ba a hannun Abuja ba, domin dokar filaye ta 1978 gwamna ta damƙa wa ƙasar jiharsa. Shi ke sa hannu a takardar filin da aka yanka a kan hanyar ruwa, shi ke raba gandun daji ga manya da sunan noma, shi ke iya cewa burtali ya dawo. Kasafin jihohin arewa na fitowa duk Disamba, kuma yawancinsu ana iya samunsu a intanet. Mai son sanin inda aka dosa ya buɗe na jiharsa, ya duba abin da aka ware wa gadar sama da sabon gidan gwamnati da kujerun Hajji, ya gwada da na ma'aikatar muhalli da na albarkatun ruwa, sannan ya nemi rahoton ƙarshen shekara ya ga nawa aka saki a cikin abin da aka rubuta.